Wa Yake Ɓarke Min Riguna?

Salamu alaikum 'yan uwana mata, har da mazan da suke laɓewa su karanta a wayar matansu, ina ganinku. Ku kira ni Saliha. Ba shi aka raɗa min ranar suna ba, kuma kada wata ta wahalar da kanta tana ƙirga teloli mata na garin Kura, mun fi ƙarfin yatsunta. Abin da zan faɗa muku yau ko Yaya Asta da muka sha nono ɗaya ba ta san ƙarshensa ba. Cikina ne ya cika, in ban amayar ba zan fashe.

Shekarata ashirin da huɗu, aurena shekara biyu da 'yan watanni, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Ɗinki nake a gida, kekena yana falo jikin taga. Mijina Yaya Fatihu manomi ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, gonarsa tana bakin kanal ta hanyar Bunkure. Bari in kwatanta muku shi da kyau, don in labari ya yi nisa ku san abin da idona ya gani. Dogo ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, gemu ya zagaye fuska. Shi kaɗai yake cicciɓar buhun shinkafa shanshera ya ɗora a mashin ko nishi babu. Shi ne mai rabon ruwa a ɓangarensu. In manoma biyu suka ɗaga wa juna fartanya a kan wa zai fara ban ruwa, gyaran muryarsa kawai ke sa kowa ya sauke. A gida kuwa ruwan randa ne. Bai taɓa yi min tsawa ba, kuma ko atishawa na yi sai ya ce sannu sau biyu.

To, ana zaune lafiya sai rigunana suka fara ɓarkewa a cikin sif.

Ta farko rigar wata koriyar atamfa ce da na sa sau biyu kacal. Na ɗauko zan je suna, sai na ga hammata ta buɗe. Na ce a raina, oho, ashe ƙiba ta fara zuwa, har da 'yar rawata a gaban madubi. Bayan sati biyu zif ɗin leshina ruwan hoda ya tsinke. Sai doguwar rigata ta Sallah, ɗinkin kafaɗa ya saki tun daga wuya har hannu. Abin da ya fi ɗaure min kai, duk rigar da ta lalace sai in tarar an ninke ta tsaf, ninkin da ni mai kayan ban iya irinsa ba. Ga kwallina yana ƙarewa kamar ana lasa. Ga humrar da nake ɗigawa kamar maganin ido ta sauka rabin kwalba.

Na ɗauki waya na rubuta wa Yaya Asta.

"Yaya, rigunana ɓarkewa suke a sif."

"Alhamdulillah! Ko an samu ne?"

"Cikin a hammata yake fitowa?"

"To ɓera ne."

"Ɓeran da ya iya ninki?"

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa. Can sai ga shi ya shigo: "Ki yi hayaƙin habbatussauda ko mutanen ɓoye ne. In kuma ba su ba ne, ki buɗe idonki. Ranar da kike shiga Kano wa yake gida?"

Wallahi wannan saƙon ya sa na fara lissafi. Duk Alhamis nake shiga Kantin Kwari sayo zare da shafi da su zif, ba na dawowa sai bayan la'asar. Shi kuma duk azahar yana dawowa gida ya ci abin da na bar masa a kula. Nan da nan zuciyata ta zana min mace. Har suna na sa mata, Mai Kafaɗa. Wato ba ta tsaya a shigo min gida ba, sai ta sa kayana, ta shafe min turare, don rashin kunya kuma ta nuna min ta fi ni iya ninki.

Da yake tela ce ni, sai na shimfiɗa rigunan uku a gado na ɗauko tef. Yadi ba ya ƙarya. Kafaɗata inci goma sha huɗu ce, ɓarkar kuwa ta nuna mai shigar ta kusa sha tara. Na buɗe littafin awo na bi sunan duk matar da na taɓa yi wa ɗinki. Mutum ɗaya ce ta kai haka, Hajiya Baraka dillaliyar shinkafa, mai shekara sittin da ciwon gwiwa, wadda sai an kama ta take hawa adaidaita. Duk da baƙin cikin da nake ciki sai da na yi dariya.

Alhamis ta zagayo. Na yi wanka, na sa hijabi, na rataya jaka, na ce, "Yaya, na tafi, sai na dawo."

"Allah ya kiyaye hanya. Ki kula da wayarki a mota."

Ji munafuki, in ji zuciyata. Muka fita tare, ya sauke ni a bakin titi ya wuce gona. Ina ganin ƙurarsa ta ɓace na juyo gida. Na shiga ɗan ɗakin da muke ajiye buhunan shinkafa, na zauna a bayansu da muciya a hannu. Masu karatu, awa huɗu na yi a wurin. Ƙaiƙayi ya ci jikina, ƙafata ta yi sanyi, sau biyu ina danne atishawa da hijabi ko da yake ni kaɗai ce a gidan.

Ana kiran azahar na ji ƙarar mashin. Ya shigo, ya sa sakata. Na kasa kunne ko zan ji takun mace, shiru. Ya yi wanka, ya yi salla a tsakar gida, na ji ya daɗe yana addu'a. Ko kular abincin bai taɓa ba. Ya shiga uwar ɗaka. Na ji sif ya yi ƙara. Jim kaɗan ƙamshin humrata ya biyo iska har cikin buhuna.

Na ce shi ke nan, ta katanga take haurowa.

Na fito saɗaf-saɗaf, na ratsa falo, na bankaɗe labule da ƙarfi. Ga ta nan kuwa a gaban madubina ta ba ni baya. Doguwa sambal, cikin leshina ja, zif ya tsaya a rabin baya ya ƙi hawa. A kanta ɗaurin ɗankwali, irin mai tudu ta gaba da nake ta koya a waya watanni yana rushe min.

Na ɗaga muciya. "Yau Allah ya kama ki, marar mutunci!"

Ta juyo. Sai na ga gemu.

Ban san me ake so mace ta ce a irin wannan lokaci ba. Na san dai ya kamata in yi salati, ko in faɗi sumammiya kamar yadda ake yi. Amma ni abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa ya koya maka wannan ɗaurin?"

Sai dariya ta ƙwace min. Na yi ta har muciya ta faɗi, har na durƙusa ina riƙe ciki. Gemu, kwalli raɗau, ga hannun riga ya matse damtse kamar zai yi magana. Ina cikin dariyar na ɗaga ido na kalli fuskarsa sosai, sai ta yanke. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar ɗan Adam ba. Mutumin da ƙarti ashirin ke yin shiru in ya yi magana, ga shi leɓensa yana rawa. Ya zame a hankali ya zauna a ƙasa, ya cire ɗankwalin ya rufe fuska da shi. Ban san lokacin da dariyata ta koma kuka ba.

Na share hawaye na zauna a bakin gado. Shi ya fara magana.

"Saliha, ki doke ni da muciyar, zai fi min sauƙi."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro. Ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu, kin sani, yayyena mata biyar. Ban san ranar da ya fara ba. Na dai tashi na gan shi a jikina."

Na tambayi abin da ya fi tsaya min a rai. "Ka gaya min tsakaninka da Allah. Maza kake so? Aurena ka yi don ka rufe bakin mutane?"

Ya ɗago da sauri, kwalli ya zubo masa har cikin gemu. "Wallahi tallahi a'a. Ke nake so, ban taɓa kallon kowa ba. Ban ma san yadda zan yi miki bayani ba. Abin yana tasowa ne kamar ƙishirwa. In yi ta dannewa, sati biyu, wata guda, in kasa barci, in kasa cin abinci. In na sa na 'yan mintoci, sai in ji kamar na sauke buhu daga kaina. In na cire kuma in tsani kaina."

"Ba ka nemi magani ba?"

"Wane ne ban yi ba? Azumi, rubutu, ruƙiyya har Dawakin Kudu na je, na ce wa malamin mafarkai ke damuna. Na ɗauka in na yi aure zai tafi. Wata bakwai ya yi shiru. Ranar da tsutsa ta cinye min tumatir, na dawo gida ba kya nan, sif a buɗe…"

Ya goge kwallin da ɗankwali. Sai ya ce, muryarsa can ƙasa, "In kin ce in rubuta miki takarda zan rubuta, ba zan ga laifinki ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki rufa min asiri. Kin san sunan da za a kira ni da shi. Ba zan ƙara tsayawa a sahu in ɗaga kai ba."

Na ce, "Cire min riga a hankali, ita kaɗai ta rage min mai kyau." Na fita.

Kwana uku ban yi masa magana ba. Ina dafa abinci in ajiye, in koma kan keke in yi ta taka shi ko babu abin ɗinkawa. Daga gona saƙonsa yake shigowa. "Kin karya?" In buɗe in rufe. "Ruwa ya zo yau, zan yi yamma." In buɗe in rufe. "Na bar miki rake a zaure, na fere." Wannan ma ban amsa ba, amma raken na shanye shi tas, ba da shi nake faɗa ba.

Yaya Asta ta dame ni. "Ya ake ciki? Kin kama ta?"

Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Na san yayata. Kalma ɗaya in na saki, kafin magariba Umma ta ji, kafin isha Kawu ya zo da mota a kwashe kayana, kafin Juma'a ana labarin a injin casa. Na tuna yadda ake nuna irin waɗannan mutane da baki a kasuwa, yara na bin su. Na sa fuskar Yaya Fatihu a wurin, sai na ga ba zan iya ba. Na rubuta mata, "Ƙiba ce ashe. Tef ɗina ne ya miƙe."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga islamiyya na tsaya na sami Malama ita kaɗai. Na ce wata ƙawata ce a Kumbotso take da matsala kaza. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta zaro ido ba. Ta ce abin haramun ne, wannan babu ja. Amma ta ce mutumin da yake kuka da laifinsa a ɓoye ba ɗaya yake da mai taƙama da shi ba, kuma tona masa asiri ba zai warkar da shi ba, sai dai ya kashe shi a tsaye. Ta ce, "Ki gaya wa ƙawar taki ta tambayi kanta, ban da wannan, miji ne ko ba miji ba ne?" Ta kalle ni ta saman tabarau. "Kuma ki ce mata ta riƙa cin abinci, ta rame."

Da ya dawo da yamma na tarar da shi a bakin rijiya yana wanke ƙafa. Kwana ukun nan sun zabge shi, wuyansa har ya yi tsawo. Na ajiye masa kujera.

"Zauna, sharuɗɗa gare ni."

Ya zauna kamar ɗan firamare.

"Na ɗaya, ba a ƙara taɓa min sif. Ka yi min asarar riga uku. Na biyu, ba ɓoye-ɓoye. In abin ya taso ka gaya min, ko da rana tsaka ne. Na uku, azumin Litinin da Alhamis tare za mu riƙa yi, muna roƙon Allah ya yaye maka. Na huɗu…" Na taɓa ɗankwalina. "Ɗaurin nan za ka koya min."

Ya yi wata dariya da hawaye a ciki, ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa.

Haka muka fara lallaɓawa. In abin ya matsa masa sai ya turo min saƙo daga gona, "Yau kaina da nauyi." In ya dawo in ce ya tayar da mashin. Mu bi bakin kanal, iska na kaɗa mu, shinkafa kore shar hagu da dama har inda ido ya tsaya. Mu zauna a kan kwalbati ya yi ta ba ni labarin wanda ya sace ruwan wani da wanda taki ya ƙone wa albasa. Sai na gane mutumin nan kowa a kansa yake sauke kaya, shi kuma ba shi da wurin saukewa. Sau da yawa kafin mu dawo abin ya lafa. Wani lokacin kuma ba ya lafawa. In gan shi yana juya cokali a abinci, idonsa ja, yana amsa min magana da ka.

Ana haka Hajiya Baraka ta aiko min da ɗinki kala uku na bikin jikarta, da saƙon cewa gwiwa ta hana ta zuwa gwaji, in yi yadda na saba, amma in ya matse ta a kafaɗa kamar na bara za mu ɓata. Na yanka na farko, na haɗa, na ɗaga shi sama ina tunanin a jikin wa zan gwada wannan tanti. Yaya Fatihu yana zaune a tabarma yana juya cokalin nan nasa. Na kalli rigar. Na kalle shi. Shaiɗan ɗin teloli ya raɗa min wani abu.

"Yaya, miƙe."

Na sa tef. Sha tara cif.

"Sa wannan."

Ya ja da baya. "Saliha, don Allah kada ki yi min ba'a."

"Wace ba'a? Aiki nake. Mutum-mutumin gwaji ake sayarwa a Kwari, ni kuma Allah ya ba ni nawa har da ƙafafu. Ɗaga hannu."

Na zura masa, na cusa filo biyu ta baya saboda Hajiya ba a nan kaɗai Allah ya yi mata arziki ba. Na ce ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Jama'a, sai ga mijina yana ɗingisa gwiwa yana cewa da siririyar murya, "'Yar nan, buhun nawa kika ce? Ai ban sallama ba." Muka yi dariya har na faɗa kan keke. Rabon da in ji dariyarsa haka, daga ciki, tun muna amarci. Ranar ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Na san wasunku sun fara rubuta min wa'azi. Ku rubuto, zan karanta. Ni ma ban ce daidai nake ba. Akwai ranar da na idar da salla na kasa tashi daga sallaya, ina tambayar kaina taimakonsa nake ko tura shi nake. Akwai ranar da na gan shi cikin rigar sai na ji haushi ya turnuƙe ni, na ce mijina nake son gani yau, ya cire babu musu ya ba ni haƙuri. Abin da na sani kawai, mutumin da yake yi shi kaɗai a ɓoye yana tsanar kansa, yanzu yana kallon idona ya faɗa min gaskiya. Kuma tazarar tana ƙara tsawo.

Sai ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Ɗinki na uku ne, shuɗin leshi mai duwatsu, bubu har ƙasa. Ban gama haɗa gefe ba, don haka tun daga hammata har idon sawu fil ne na jera, sun fi talatin. Yana tsaye tsakiyar falo da hannuwa a buɗe, na ɗaura masa ɗankwali don in ga yadda kalar za ta zauna, yana ta tsokanata wai har yanzu ɗaurina kamar an naɗe kan mai ciwo. Muna ta ƙyaƙyatawa. Abin da na manta, da na leƙa karɓo gawayin guga ban mayar da sakata ba.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Muryar Iya. Mahaifiyarsa. Daga Bunkure, babu waya babu sanarwa, kuma ba daga zaure ba, daga tsakar gida.

Ya kama rigar zai fizge, fil ya soke shi, ya danne ihu. Uwar ɗaka kuwa sai an bi ta gaban ƙofar da Iya take tunkarowa. Na fizgo niƙabina daga ƙusa na ɗaura masa, na yafa masa ƙaton mayafi, na tura shi kan kujera. Filo ɗaya ya goce ya koma gefe.

"Wa alaikumus salam! Iya, sannu da zuwa, sannu da hanya!"

Na durƙusa har ƙasa. Ta shigo da ƙullin kayanta, 'yar tsohuwa siririya mai ido kamar allura. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa.

"A'a, baƙuwa kika yi? Sannu Hajiya."

Hajiya ta gyaɗa kai.

Na ce, "Daga Kano take, Iya. Gwaji ta zo. Haƙori ke damunta, ba ta iya magana."

"Ayya! Haƙori ba daɗi. Ki tauna kanumfari, Hajiya." Ta kwance bakin zani ta miƙa mata guda uku. Hajiya ta sa hannu biyu cikin mayafi ta karɓa. "Ina Auta?"

"Yana gona, Iya."

"Ga mashin ɗinsa a zaure."

"Taya ce ta yi faci."

"Allah sarki."

Na kawo ruwa da fura. Na ɗauka za ta sha ta ce za ta leƙa wajen 'yarta da ke aure a bayan kasuwa. Ina! Iya ta kwance ƙulli. Daddawa, kuka, sai wasu sassaƙe da ta ce in riƙa jiƙawa ina sha safe da yamma, wata mata a Bunkure shekara tara ba haihuwa, da ta sha sai tagwaye. Ta juya wajen baƙuwa.

"Hajiya, ki taya ni yi mata faɗa. Yaran yanzu sai kunyar magani. Ke naki nawa?"

Hajiya ta juyo ta kalle ni. Na zuba mata ido ina roƙo. A hankali yatsu huɗu suka leƙo daga mayafi.

"Masha Allah! Duk suna raye?"

Kai ya gyaɗu.

"Maigidan yana lafiya?"

Na ƙware da yawuna, na yi ta tari. Zufa kuwa ta jiƙa niƙabin har ya manne, ina tsoron gemu ya fito da siffarsa. Iya ta sha furarta a nutse, ta ba da labarin rikicin gado na maƙwabta tun daga kakanni. Can idonta ya sauka ƙasa. Na bi shi da kallo. Bubun ya ɗan ɗage, ga ƙafafu nan biyu shimfiɗa-shimfiɗa, da faso, da laka a gefen farce.

"Hajiya, ashe ku ma kuna taɓa noma a Kanon."

Ƙafafun suka shige cikin leshi da gudu.

Iya ta miƙe ta karkaɗe zani. "Bari in leƙa wajen yayar Auta kafin la'asar. Allah ya ba da lafiya, Hajiya. 'Yar nan, taka min."

Na bi ta ina hamdala a zuci. Muna shiga zaure ta tsaya jikin mashin, ta danna tayar gaba da yatsa, ta danna ta baya. Sannan ta kama wuyan hannuna. Ban san tsohuwa tana da ƙarfi haka ba.

"Ƙafar nan ni na haife ta."

Na durƙusa a gabanta. "Iya, don girman Allah…"

"Yi shiru. Yana shekara tara na kama shi da zanina a bayan rumbu. Na doke shi har hannuna ya kumbura, ya yi kwana biyu ba ya zama. Ban gaya wa ubansa ba, ban gaya wa kowa ba. Ya rantse min ya daina." Ta goge ido da bakin mayafi. "Daga ranar yaron nan bai ƙara dariya a gabana ba sai ta ladabi. Shekara ashirin da biyu. Yau tun daga bakin ƙofa na jiyo ta, har na tsaya ina saurare, na ɗauka gidan wasu na shigo."

Na kasa ɗaga kai.

"Kin gaya wa mutanen gidanku?"

"A'a, Iya."

"Za ki zauna da shi?"

"Ina zaune, Iya."

Ta saki hannuna, ta shafa kaina sau ɗaya. "Ban ce na ji daɗi ba. Amma Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa wa ɗana. Kuma ke, mace da hankalinta, ki riƙa sa sakata." Ta faɗa min saƙon da zan kai, ta fice.

Na koma falo. Ya yaye niƙabin, fuskarsa sharkaf, kanumfari uku a tafin hannu.

"Ta tafi? Saliha, ta gane?"

Na durƙusa a gabansa na fara zare fil ɗaya bayan ɗaya, don kada ya zabura ya yaga wa Hajiya Baraka leshi. Sai da na cire na ƙarshe na ɗago.

"Ta ce in gaishe da Hajiya. Ta ce in Hajiya ta gama gwaji, ta sa rigarta da wandonta da hularta, ta same ta gidan yayarka na bayan kasuwa bayan la'asar. Wai akwai haƙurin da take so ta ba ta tun tana 'yar shekara tara."